Makarantar koyon sarrafa mota: ka je, amma ka san wacce za ka fara da ita

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce shekararka takwas kana tuƙi a gida kafin karatu ya kawo ka Jamus, Kaduna zuwa Kano ba ka ma san iyakar zuwan da ka yi ba, amma akwai wata rana da damina bayan ka wuce Zariya da bayan motar ya ƙwace maka a kwana, ta juya da kai ta tsaya a gefen titi tana kallon inda ka fito, Allah ya kiyaye babu tirelar da ke tahowa, kuma har yau abin yana maka yawo a rai don ba ka san me ka yi ba daidai ba. Yanzu ka ga tallan makarantun da ake koyar da sarrafa mota, kana tambaya ko kuɗin zai yi amfani ko kuwa shagalin masu kuɗi ne kawai, kuma in zuwan ne wacce za ka je.

Ka je. Wallahi da ina da iko da duk ɗan'uwana mai riƙe sitiyari sai ya yi wannan kwana ɗayan. Ni aikina kenan, gwajin birki da taya a wani kamfani da ke ƙera kayan mota a kudancin ƙasar nan, yau sama da shekara goma, kuma ba sa barin ka hau filin gwaji sai ka yi irin wannan horon, bayan wani lokaci kuma a sake maida ka. Amma akwai abin da nake so mu fahimci juna a kai tun kafin ka cire ko Yuro ɗaya, saboda makarantun nan iri biyu ne kuma mutane suna cakuɗa su.

Akwai makarantun tsere. A Amurka akwai Skip Barber da aka kafa tun 1975, akwai wadda Bob Bondurant ya buɗe a 1968, su Porsche da BMW ma kowa yana da nasa filin da malamansa. Wanda yake gida kuma yana da halin tafiya, akwai Dubai Autodrome a Dubai da Yas Marina a Abu Dhabi, akwai Zwartkops kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. A irin waɗannan za a ba ka hular kwano, a ba ka motarsu, a koya maka layin da ake bi a kwana don a ci lokaci, kwas na kwana uku kuma dubban daloli ne. Abu ne mai daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ba shi ne maganin abin da ya same ka a hanyar Zariya ba.

Wadda kake buƙata ita ce ta biyun, ta kiyaye haɗari. A nan sunanta Fahrsicherheitstraining, haka za ka rubuta in kana nema. ADAC, babbar ƙungiyar masu motoci ta Jamus, tana da filaye a kusan kowane yanki, akwai na wasu ƙungiyoyin ma, har a gefen filin tseren mota na Nürburgring akwai. Wuni ɗaya ne, da motarka kake zuwa, kuɗin kuma bai kama ƙafar na makarantar tsere ba. In kana aiki ma ka tambayi wajen aikinka, don asusun inshorar haɗarin ma'aikata da suke kira Berufsgenossenschaft sau da yawa yana biyan wani kaso. Zuwa da motarka ɗin nan shi ne rabin amfanin abin, domin halin motar da kake hawa kullum kake son sani, da tayoyinta da birkinta da nauyinta, in ka koya a kan Porsche ka dawo ka hau tsohuwar Golf ɗinka to ka san halin dokin wani ne kawai.

Da safe za su tara ku, ba ku fi goma zuwa sha biyu ba, kowa a ba shi oba-oba ya ajiye a mota don malamin yana tsaye a waje yana kallo yana magana. Abu na farko da za a yi zai ba ka haushi, zama a kujera. Mu da yawanmu a gida mun saba kwantar da kujera baya, hannu ɗaya a saman sitiyari, ɗayan a kan taga. Malamin zai sa ka matso har sai in ka take birki ko kuloci ya kai ƙasa gwiwarka tana nan a lanƙwashe, ya ɗago maka jingina ta kusa miƙewa, ya ce ka miƙa hannu kan saman sitiyari wuyan hannunka ya sauka a kai ba tare da kafaɗarka ta rabu da kujera ba. Hannaye biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu, wajen ƙarfe tara da ƙarfe uku in ka ɗauki sitiyarin kamar agogo. Dalilin kuwa, ƙafar da ta miƙe sambal ba ta da ƙarfin da za ta danna birki yadda ake so, kuma in aka yi karo ƙarfin dukan ta cikinta zai bi har ƙugu. Mutumin da yake kwance kuma, in aka yi karo zamewa yake ta ƙarƙashin bel.

Daga nan sai birki, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunnenka sosai, don a ganina wannan darasin kaɗai ya biya kuɗin wunin.

Za a ce ka taho da gudun kilomita 30 a awa, in ka kai wajen alama ka take birki da iya ƙarfinka. Kowa yana ganin ai wannan ba wani abu ba ne. Amma kusan duk wanda ya zo karon farko ba ya takawa yadda ya kamata, har da masu shekara talatin a tuƙi, saboda rayuwarmu duka mun koyi lallaɓa birki don kar fasinja ya yi gaba. Ni ma ranar farko sai da malamin ya maimaita mini sau huɗu ta oba-oba, yana cewa ka doke shi kamar kana son karya shi. Lokacin da na yi yadda yake so, sai na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, ga wata ƙara gurrr daga gaban mota, ƙafata da kanta ta so ta ɗaga. Wannan karkarwar ita ce na'urar ABS ta birki tana aiki, tana saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kar taya ta ƙulle. Mutane da yawa ranar da suka fara jin ta a rayuwarsu ita ce ranar haɗarin, sai su tsorata su ɗauka birki ne ya lalace su ɗage ƙafa, a daidai lokacin da ya kamata su ƙara dannawa. In motarka mai giyar hannu ce, birki da kuloci tare za ka taka.

Ita ABS ɗin nan tun 1978 Bosch da Mercedes suka fito da ita a S-Class, kuma babban amfaninta shi ne kana birki kana iya juya sitiyari. Tayar da ta ƙulle tana jan ƙasa ba ta jin sitiyari ko kaɗan, duk inda ka murɗa motar gaba za ta yi sak. Shi ya sa raina yake ɓaci in na je gida na ga fitilar ABS tana ci a gaban mota an liƙe ta da baƙin salatif, ko in ji bakanike yana cewa ai cire ta za a yi, wai ba ta dace da hanyoyinmu ba. Gaskiya ne a kan yashi ko tsakuwa tana iya ƙara maka tsawon tsayawa kaɗan, don tayar da ta ƙulle tana tara ƙasa a gabanta. Amma a kan kwalta, ranar da ɗan acaɓa ya faɗo maka ko saniya ta ɓullo daga daji, ikon kaucewa kana kan birki shi ne tsakaninka da gawa. A gyara ta, kar a cire.

Bayan 30 sai a ce 50, sai 70, kuma kafin kowanne malamin zai ce ku fito ku je ku tsaya a inda kuke zaton motar za ta tsaya, ko ku ajiye robar alama a wajen. Kowa kusa yake ajiyewa. Lissafin ba ya tafiya yadda ƙwaƙwalwa take zato, in ka ninka gudu sau biyu tsawon birki sau huɗu yake ninkuwa. Sannan ga daƙiƙa ɗayan nan da take wucewa tsakanin ido ya gani da ƙafa ta kai kan feda, a gudun 50 mita 14 ka riga ka ci ba ka taɓa birki ba, a gudun 100 kusan mita 28. Akwai misalin da suke bayarwa da ban taɓa mantawa ba. Motoci biyu gefe da gefe, ɗaya tana 30 ɗaya tana 50, yaro ya fito. Mai 30 zai tsaya cik cikin kamar mita 13. A daidai wannan wajen mai 50 ko birkin bai fara takawa ba, da gudunsa 50 cif zai doki yaron. Ka ɗauki wannan lissafin ka kai shi babbar hanya. Mota mai lafiya da taya mai kyau a busasshiyar kwalta tana son kusan mita 40 ta tsaya daga 100, ka haɗa da 28 ɗin can ka kusa 70. In maleji ya kai 140 kamar yadda ake yi tsakanin Kaduna da Abuja, ka haura mita 110, filin ƙwallo guda ya wuce. Wannan fa a busasshiyar hanya ne da sabuwar taya.

Da rana ake shiga wajen santsi. Wani fili ne da aka shafe da wani abu mai sulɓi ana fesa masa ruwa, riƙonsa kamar na dusar ƙanƙarar da aka tattake. A tsakiyarsa akwai bututai a ƙasa da suke harba ruwa sama ba zato, ya zama kamar katanga, wannan ita ce motar da ta tsaya a gabanka ko mutumin da ya tsallako. Aikinka ka ci birki ka kauce. In ka kasa, ruwa ne kawai zai wanke maka gilashi. Ni a gudun 40 na kauce lafiya lau, malamin ya ce ƙara biyar kacal, a 45 na shige tsakiyar ruwan da faɗin motar gaba ɗaya, na sake gwadawa na sake shiga. Babu abin da ya canza a hannuna ko a ƙafata, biyar ɗin nan ce kawai. Na daɗe zaune a motar ina tunanin sau nawa na ƙara biyar ko goma a hanyar gida don ina sauri in riski la'asar a wani gari.

Abin da ya sa haka, duk motar nan da nauyinta sama da tan ɗaya, abin da ya haɗa ta da ƙasa waje huɗu ne kowanne bai fi tafin hannunka ba. Riƙon da taya take da shi kamar kuɗin cefane ne, adadinsa ɗaya. In ka kashe shi duka a birki babu abin da ya rage na kwana, in ka kashe shi duka a kwana babu na birki ko na totur. Ruwa ko yashi ko tsohuwar taya kuma rage maka kuɗin suke tun daga gida. Duk wani abu da za a koya maka a kowace makaranta, har ta tsere, a kan wannan yake zaune.

Sai kuma nauyi. Ka taɓa lura in ka taka birki hancin mota yana dukawa, in ka ba ta wuta tana zama a baya. Nauyi ne yake yawo, kuma tayar da nauyi ya hau ta fi riƙo, wadda ya bari ta yi sakayau. Ka tuna yadda 'yar Fulani take tafiya da ƙwaryar nono a ka, tana sauri amma babu fizga, to haka ake son hannunka da ƙafarka. Jackie Stewart, wanda ya ci kambun tseren mota na Formula 1 sau uku, a 1969 da 1971 da 1973, da yake koyar da mutane kwano yake ɗaurawa a kan bonet ya sa ƙwallo a ciki, ya ce ka zagaya fili da sauri kar ƙwallon ya faɗo.

Yanzu mu zo kan abin da ya same ka. Mota iri biyu take ƙwacewa a kwana. Ko dai gaba ya ƙi bin sitiyari, kana murɗawa tana tafiya waje, wannan shi suke kira andastiya, kuma yawancin motocin da muke hawa masu ja da tayar gaba, su Corolla da Civic da Golf, haka aka tsara su su fara yi don ya fi sauƙin gyarawa. Maganinsa yana saɓa wa zuciya, don zuciya cewa take ƙara murɗawa, alhali tayar ta riga ta cinye kuɗinta. Ɗaga ƙafa daga totur za ka yi, ka ɗan sassauta sitiyarin, gudu ya ragu tayar ta sake kamawa. A filin zagaye mai ruwa za su sa ka yi ta ƙara gudu a hankali har ka ji sitiyarin ya yi sakwaf a hannunka, wannan jin shi ake so jikinka ya haddace.

Na biyun shi ne baya ya zame ya nemi ya wuce gaba, obastiya, naka kenan. Yadda ka ba da labarin, ga abin da ya fi kama da shi: ka shiga kwanar da gudun da ya fi ƙarfin jiƙaƙƙiyar kwalta, a tsakiya ka ji tsoro ka ɗage ƙafa da sauri ko ka taɓa birki, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau, kuma ina kyautata zaton tayoyin da suka fi cinyewa su ne a bayan. Haka muke yi a gida, in an samu kuɗin taya biyu sai a sa sababbin a gaba a maida tsofaffin baya, wai ai gaba ne sitiyari. A makarantar za su gaya maka akasin haka, masu kyaun a baya ake sawa ko da motar da gaba take ja, saboda tayoyin baya su ne suke riƙe motar a kan layinta, in gaba ya zame kana da dama, in baya ya zame a gudun babbar hanya damar kaɗan ce ƙwarai. Ka ƙara da cewa ruwan farko bayan rani ya fi kowanne santsi, don ƙura da baƙin mai da dizal ɗin da tireloli suka zubar wata da watanni duk sai su taso su zama kamar sabulu.

Akwai na'urar da suke da ita don wannan. Wani faranti ne na ƙarfe a cikin ƙasa, kana wucewa a kai da gudun 40 zuwa 50, da zarar tayoyin gaba sun wuce na baya sun hau sai ya fizge su gefe, dama ko hagu, ba ka san wanne ba, kuma gabanka filin santsi ne. Abin da ake so, ka juya sitiyari da sauri zuwa ɓangaren da bayan ya tafi, ka taka kuloci, idonka yana can inda kake son zuwa, sannan da ka ji bayan ya fara dawowa ka maido sitiyarin tsakiya da wuri. Wannan maidowar ita ce take kayar da mutane, sun tare na farko sun ji daɗi sun manta, sai motar ta yi bulala ta ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. In kuma ta riga ta wuce gyara, ka take birki da kuloci ka riƙe har ta tsaya cik, kar ka saki a tsakiya ta kama ƙasa ta harba ka inda ba ka so.

Maganar ido kuwa, kar ka ɗauke ta ƙarama. Inda ido ya kafe nan hannu yake kai mota. Wanda ya zuba wa bishiya ido yana cewa kar in doke ta kar in doke ta, ita zai doka, shi ya sa za ka ga fili fetal da turken lantarki ɗaya tal amma motar a jikinsa ta ƙare. Malamin zai yi ta nanata maka ta oba-oba, kalli sarari, kalli mafita, har sai ka gaji da ji.

Toh ga inda nake so ka yi hattara, kuma shi ya sa na ce ka san wacce za ka fara da ita. A farantin nan ka san za a fizge ka, ka shirya, gudunka 45, babu mota a gaba babu rami a gefe, kuma duk da haka sai ka juya sau biyu ko uku kafin ka tare ɗaya. A hanya babu wanda zai gaya maka yanzu ne. Ƙasar Norway ta sa koyon tuƙi a kan santsi ya zama dole ga sababbin direbobi tun ƙarshen shekarun 1970, da aka zo aka bincika a shekarun 1980 sai aka ga haɗarin samari maza a kan santsi ƙaruwa ya yi maimakon ya ragu. Finland ma ta ga irin haka a wajen matasanta. Dalilin, yaro ya yi awa kaɗan a fili ya tare mota sau biyu, ya fito yana ganin ya iya, sai ya ƙara gudu, alhali ƙwarewar da ba a maimaita ta gushewa take cikin 'yan watanni, ƙarfin halin kuma ya zauna daram. Saboda haka ne ƙasashen suka sauya salon koyarwar, a Sweden yanzu darasin filin santsi da ake yi kafin a ba ka lasisi manufarsa ka ga da idonka yadda abin yake fin ƙarfinka. Malamin kirki a nan Jamus ma haka zai yi maka, zai bar ka ka ci nasara a 40 sannan ya kai ka 45 da gangan. In ka fito daga wajen kana jin kai gwani ne, kuɗinka ya tafi a banza, har gara ma da ba ka je ba.

Kuma gaskiyar magana, a motar zamani akwai wanda ya fi ka saurin hannu. Na'urar ESP ce, Toyota suna ce mata VSC, Honda VSA, BMW DSC, duk abu ɗaya ne. Tana auna inda ka nufa da sitiyari da inda motar take tafiya a zahiri, in suka saɓa sai ta kama birkin taya ɗaya tak don ta miƙar da motar, abin da kai ba za ka taɓa iyawa ba tunda fedarka ɗaya ce. A 1995 ta fara fitowa a Mercedes, ta bazu bayan 1997 lokacin da ƙaramar A-Class ta kife a gwajin kaucewa da wata mujallar motoci ta yi a Sweden, kamfanin ya sa wa motar ESP. Tun Nuwamban 2014 duk sabuwar mota da za a yi wa rajista a Tarayyar Turai dole tana da ita, Amurka kuma daga motocin 2012. In motarka tana bari a kashe ta, malamin zai iya sa ka gwada da ita da kuma babu ita a filin, ka ji bambancin da jikinka. Daga ranar ba za ka ƙara taɓa maɓallin nan a kan titi ba. In za ka saya wa gida mota 'yar Beljiyam, ka duba tana da ita kuma fitilarta ba ta ci, wannan ya fi kujerar fata da allon talabijin.

Akwai abubuwa biyu da suke kashe mutanenmu da ba lallai su zo a darasin ba, ka tambayi malamin da bakinka. Na farko fashewar taya a guje. Kar ka doki birki, ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka riƙe totur yadda yake na ɗan lokaci har motar ta daidaita, sannan ka sassauta a hankali ta rage gudu da kanta kafin ka nemi gefe. Na biyu, tayoyin gefe biyu su sauka daga kwalta, wanda a hanyoyinmu bakin kwaltar kan zama kamar matakala saboda ruwa ya cinye ƙasar gefen. Mutum yana jin haka sai ya fizgo sitiyari ya dawo, tayar ta ciji bakin kwalta, motar ta harba ɗaya hannun ko ta yi ta ƙundumbala, musamman jif da bas masu tsayi da aka lafta wa kaya a sama. Ka bar ta a ƙasan, ka miƙe, ka rage gudu sosai, sannan ka hau a hankali. Haka in ka shiga ruwan da ya kwanta ka ji sitiyari ya yi sakayau injin ya ɗaga murya, taya ce ta hau kan ruwa, ɗaga ƙafa, riƙe sitiyari a miƙe, jira ta sauka.

Ita kanta tayar, ka koyi karanta shekarunta. A jikinta bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to mako na 23 ne a 2019. Taya tana iya zama da zane raɗau amma robar ta bushe ta yi tauri, irin waɗanda ake jibgewa a rana a bakin kasuwa. A Turai doka ta ce zurfin zane kar ya gaza milimita 1.6, amma a ruwa tun kafin nan riƙo ya fara raguwa sosai. Iska kuma a auna ta da safe taya tana sanyi, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kar a bar mai faci ya buga da hannu ya ce ta yi.

Na san a cikin abin da ya ja hankalinka akwai bidiyon masu juya mota tana hayaƙi, ba laifi ba ne saurayi ya so wannan. In ka gama na farkon, ka yi wata shida ko shekara kana tuƙi da abin da ka koya, sannan ka koma mataki na gaba, suna da shi, gudu ya fi yawa, daga nan in aljihu ya yarda ka je ta tseren ko ta dirif a filin da aka killace. Abin da nake roƙonka da girman Allah kar ka kai shi titi, kar ka koma gida hutu ka zama cikin masu wasan mota a biki. Na san gidan da aka shiga da murnar ɗaurin aure aka fito da makara saboda wannan, yaron da aka take ko cikin bikin ba ya, kallo ya tsaya yi. Hanyar tsere ta Nordschleife da ke Nürburgring ma da ake barin kowa ya biya ya shiga da motarsa, kilomita kusan 21 ce mai kwana sama da saba'in, yawancin inshora ba sa biyan abin da ya faru a can, in ka doki shingen ƙarfe kai za ka biya shi har da motar da ta janye ka. Ba wajen farawa ba ne.

Kafin ka yi rajista ka tabbatar da maganar lasisinka, don na Najeriya wata shida kawai yake aiki daga ranar da ka yi rajistar zama a nan, bayan haka sai ka yi jarrabawarsu ta rubutu da ta tuƙi. Ka tambayi makarantar ko kuɗin ya haɗa da inshorar motarka na wunin, yawanci akwai, in babu ana ƙara kaɗan a saya. Ka kwashe komai daga cikin mota da but, kwalbar ruwa ɗaya da ta gangara ƙarƙashin feda ta isa ta ɓata komai. Ka sa takalmi mai siririn ƙasa wanda ya kama ƙafa, banda silifas, ka cika tanki, ka zo da rigar ruwa don rabin wunin a tsaye za ku yi a waje kuna kallon juna, kuma kallon kuskuren wasu yana koyarwa kusan kamar naka. In za ka iya ka zaɓi watan Oktoba ko Nuwamba bayan ka sa tayoyin sanyi, ka ga ka san halinsu kafin ƙanƙarar farko ta sauka. Akwai hutun cin abinci da rana, azahar ɗinka ba za ta wuce ka ba, ka tafi da dardumarka.

In ka dawo ka rubuto mini gudun da ka fara shiga ruwan. Sannan yau ɗin nan kafin ka kwanta ka sauka ka haska tayoyinka huɗu da fitilar waya, ka turo mini lambobin da ka gani, da wacce take gaba da wacce take baya.